Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Kyaftin ɗin Jirgin Tsakar Ɗaki

Bawana Bazazzagi, ina gajiyar tafiya? An ce tun da ka dawo daga Santambul ba ka leƙa majalisa ba, wai kana fama da mura. Ni dai da na san irin murar, na ce a bar ka ka huta. Na yi maka alkawari a ƙofar gidanka cewa ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ba, kuma Allah ya sani na cika. Ban faɗa ba. Rubutawa na yi.

Don masu karatu su gane, wannan bawa nawa ko amalanke bai taɓa turawa ba. Laifin na unguwa ne. A Palladan ya tashi, jikin katangar kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya tun 1964, kullum ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi a kansa. Shi ke nan ya ɗauka tuƙin jirgi kamar ƙyanda ne, a iska ake ɗauka. Da ya ajiye alli ya karɓi kuɗin sallama, maimakon ya sayi fili ko ya kama sana'a kamar mutumin kirki, wato kamar Bakano, sai ya zuba su a ɗakin baƙi. Allon kwamfuta uku a jere. Sitiyarin jirgi an ɗaure shi a teburin da yara suke karatu. Fedal biyu a ƙasa, an tokare su da buhun masara don kada su zame. Ga abin kunne mai makirfo. Abin da ya fi kashe ni ita ce farar rigar nan da wani tela a Sabon Gari ya ɗinka maka, mai igiya huɗu a kafaɗa, ta kafaɗar hagu ta fi ta dama faɗi.

Na iso gidanka bayan la'asar, janareto yana ta kuka. Uwargida ta ce tun hantsi ka tashi daga Kano, kuma ta aika a kira ka cin abinci sau uku, kana cewa a gaya mata kuna ƙafa dubu talatin da bakwai, ba a tashi daga kujera. Na ce daga ina ya tashi? Ta ce Kano. Na ce to daga ina zai tashi da can? Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka sauka a Kano, lokacin ku kuna jin ƙara a sama kuna shigewa ƙarƙashin rumbu. Har yau ɗin nan, a taswirar matuƙa jirage ta duniya, sararin samaniyar Nijeriya kaf sunan Kano yake amsawa. Ko ɗalibin kwalejinku ya ɗaga daga Zariya, ƙafarsa na barin ƙasa ya shigo gonarmu. Ba mu taɓa karɓar kuɗin haya ba, amma ana rubutawa.

Na same ka ka haɗa da intanet, kana kan VATSIM, dandalin nan da aka kafa a 2001 inda mutane na gaske suke zaman sa-kai suna ba jiragen kwaikwayo hannu, tamkar ma'aikatan hasumiya. Gaskiya da farko ka burge ni. Turanci yana fita ta hanci, irin na Zagezagi, wanda ko Baturen sai ya nemi tafinta. Kana gab da fara gangarowa sai wani saurayi, daga muryarsa bai wuce sa'an autanka ba, ya ba ka sunan hanyar da za ka bi ka shiga gari da lambar titin da za ka sauka. Ka amsa da ƙarfi kamar ka gane. Ka juya kan ɗan allon nan mai maɓallai da ke gefen gwiwar matuƙi, ka danna sunan. Kwamfutar jirgi ta ce babu wannan a littafinta. Ka goge, ka sake. Babu. Ka cire tabarau ka hura masa iska ka goge da gefen rigar kyaftin, ka sake dannawa harafi-harafi da yatsa ɗaya, kana karantawa a fili. Babu. Sai ka danna sunan filin jirgin kansa, haruffa huɗu, LTFM. Nan ma ta ce ba ta san wannan gari ba.

Ga fili kuwa ana hangensa ta taga, shimfiɗe a bakin Baƙin Teku, fitilu reras. Ido yana gani, ƙwaƙwalwar jirgi tana rantsuwa babu. Yaron nan ya yi ta kiranka, kai kuma gumi ya jiƙa igiyoyin kafaɗa. Daga ƙarshe ka bi abin da kwamfutarka ta sani, ta ja ka kudu zuwa tsohon filin Ataturk, wanda jiragen fasinja suka kwashe kayansu suka bari tun watan Afrilun 2019. Ko 'yan Kantin Kwari masu zuwa sarin dogayen riguna sun san an tashi daga can. Ka sauka, ka ja birki, ka juyo kana kallona wai in tafa maka. Fasinjojinka ɗari da sittin na ƙarya suna can har yanzu suna neman tasi.

Da ka fita alwala na matsa kusa na buɗe shafin farko na kwamfutar jirgin, inda take faɗin sunanta da irin injinta da ranar da aka ɗura mata bayanai. Na ga 1709. A ƙasa kuma ga gargaɗi tana yi cewa bayananta sun tsufa, wanda na tabbata kullum sai ka share shi kafin ka tashi, kamar yadda kake share saƙon masu bin ka bashi. Bari in fassara maka lambar, tunda boko ya tsaya maka a Turanci bai kai lissafi ba. Biyun farko shekara ce, 2017. Biyun ƙarshe zagaye na tara ne, wanda ya fara aiki ranar 17 ga Agusta. Tun daga ranar jirginka bai sake jin labarin duniya ba.

Abin da ake kira AIRAC ke nan. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta ƙasar Kanada, ita ta tsara cewa duk ƙasar da za ta sauya wani abu mai muhimmanci a samaniyarta, ba za ta yi shi ranar da ta ga dama ba. Akwai ranaku sanannu, duk bayan kwana 28, kuma kullum Alhamis suke faɗowa. Ranar nan duniya gaba ɗaya take juya shafi tare. Ana so ƙasa ta fitar da sanarwa kwana 42 kafin ranar, don ta isa hannun masu buƙata da sauran kwana 28. A Nijeriya hukumar NAMA ce mai wannan aiki, a Nijar da Chadi da Kamaru kuma ASECNA. Zagaye goma sha uku ne a shekara, kwana 364 ke nan, kwana ɗayan da ke ragowa yana taruwa har wata shekarar ta sami goma sha huɗu, kamar 2020 da ta buɗe ranar 2 ga Janairu ta rufe da na ƙarshe ranar 31 ga Disamba. Ka ga wannan watan ba ya buƙatar a hau tudu a duba, ba a jiran sanarwa daga Sakkwato, ba wanda zai ce garinsu hadari ya rufe. An san ranar tsayuwarsa shekaru kafin ya zo. Duk da haka sama da ɗari sun tsaya sun faɗi a kanka ba ka ga ko ɗaya ba.

Na san abin da za ka ce, don ka faɗa mini a zaure: wai sama ai sama ce, ba a gina mata gadar Kwangila ba, me zai canza? To saurara, bawana. Mu jikokin fatake mun san hanya ba ƙasa ba ce kawai, sunaye ce. Madugun da zai kai ayari Gwanja sarin goro, abin da ke kansa jerin zanguna ne: daga wane zango sai wane, ina rijiya, ina mafaka, ina ake biyan fito. Hanyar jirgi ma haka take. Zangunanta wasu tasoshin rediyo ne a ƙasa masu kiran jirgi, kamar wadda ke Kano mai amsa KAN. Mafi yawansu kuwa yanzu ba komai a wurin, ɗigo ne a iska da tauraron ɗan'adam ya san mazauninsa, an laƙaba masa suna mai haruffa biyar da baki zai iya furtawa. Ana ƙirƙiro sabbi, ana kashe tsofaffi, ana matsar da wasu, ana sauya wa hanya lamba, ana rufe tashar da ta tsufa. Hanyoyin fita gari da na shiga gari, su ma duk gyaran da aka yi musu sai an ƙara lambar da ke jikin sunansu, shi ya sa wadda ka haddace mai ɗaya yau ta zama mai uku. Jagaban da ya shekara takwas bai taka hanya ba, ya zo yana cewa a bi ta rijiyar da ta rufta, ai ba jagaba ba ne, ɗan rakiya ne.

Har lambar da ke fente a bakin titin jirgi ba ta da tabbas. Lambar nan alƙiblar titin ce a kamfas, an yanke sifirin ƙarshe. Babban titin Kano 06 ne ta wannan baki, 24 ta wancan, wato digiri sittin da digiri ɗari biyu da arba'in, kullum tazarar goma sha takwas tsakaninsu. Matsalar ita ce arewar da allurar kamfas take nunawa ba a zaune take ba. A 1831 James Clark Ross ya same ta a can ƙuryar arewacin Kanada, amma ta daɗe da kama hanyar Saberiya, har akwai shekarun da take cin kilomita hamsin da wani abu a shekara. Idan ta matsa sosai sai a ɗauko bokitin fenti. Filin Stansted na Landan ya mayar da titinsa daga 05 da 23 zuwa 04 da 22 a 2009. Na Tampa a Amurka ya yi irin wannan a farkon 2011. Titi bai motsa ko taku ɗaya ba, sunansa ya canza. Arewa da kanta tana ƙaura, kai kana Tudun Wada ka ce ba abin da ya canza.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen gangarowa, kuma nan nake so ka cire abin kunnen ka ji ni da kyau. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko Kano har mai tsaye a Ƙofar Mazugal ba ya ganin Dala, matuƙi ba da ido yake nemo titi ba. Akwai na'urar ILS a bakin titin mai harba igiyar rediyo biyu. Ɗaya tana gaya masa ya yi dama ko hagu, ɗayar tana gaya masa ya yi sama ko ƙasa, a kan gangare mai digiri uku, wato kusan ƙafa ɗari uku a kowane mil na teku. In yana mil goma da titi, ya kamata a ce yana wajen ƙafa dubu uku sama da shi. Haka zai yi ta zamewa a kan igiyar nan cikin farin hazo har ya kai ƙafa ɗari biyu, a tsarin da aka fi amfani da shi. A nan ne ake yanke hukunci: in ya ga fitilu ya sauka, in bai gani ba ya ba injin wuta ya tashi, kuma ko tashin ma a rubuce yake, wace alƙibla zai bi, wane tsayi zai kai, a wane zango zai tsaya yana kewaye. Duk wannan yana kan takarda ɗaya, kuma kowace lamba a cikinta tana iya canzawa ranar wata Alhamis: mitar da za ka kamo na'urar, alƙiblar shigowa, mafi ƙarancin tsayin da aka yarda ka sauko saboda wani sabon dogon gini ko turken waya da aka kafa. Ka kamo tsohuwar mita, sai ka ji shiru kamar rediyon da batirinsa ya mutu, allura ba ta motsi, kai kuma kana ta gangarowa da tawakkali.

Asalin takardun nan ma wani matuƙin jirgin wasiƙu ne a Amurka, Elrey Jeppesen, da ya gaji da ganin abokan aikinsa suna karo da duwatsu. Ya sayi ɗan littafi baƙi yana rubuta tsayin kowane tudu da tsawon kowane fili, har hawa yake da ƙafarsa ya auna. Abokai suka fara roƙon ya ba su su kwafa. A 1934 ya ce a'a, dala goma ne. Duk inda aka bincika zuriyar mutumin nan sai an samo Bakano.

Kai naka wasa ne, in ka daki dutsen Kufena sai ka danna maɓalli ka dawo, uwargida ta kawo shayi. Na gaske ba haka ba ne. Ranar 28 ga Nuwamba 1979 wani jirgin Air New Zealand ƙirar DC-10 ya ɗauki 'yan yawon buɗe ido zuwa kallon ƙanƙarar Antatika. An nuna wa matuƙan hanya tun kwanaki kafin tafiya, hanyar da ta bi ta kan shimfiɗaɗɗen ruwa mai ƙanƙara. Da daren tafiyar aka gyara lambobin zango guda a kwamfutar ofis, gyaran ya matsar da hanyar kilomita arba'in da wani abu gabas, ta miƙe kan dutsen Erebus, kuma ba wanda ya gaya musu. Abin da ke kansu daban, abin da ke cikin na'ura daban. Mutum 257, ba wanda ya fita. Shi ya sa matuƙin gaske, kafin ya taɓa komai, shafin nan da kake tsallakewa yake fara buɗewa ya duba kwanan wata. Kwamfutarsa ma zagaye biyu take riƙewa, mai ci da mai jiran gado, don in Alhamis ta riske shi a hanya. In kwaikwayonsu kake da gaske, daga nan ake farawa, ba daga wurin tela ba.

Gyaran kuwa ba wuya. Autana, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, kafin shayinsa ya huce ya gama. Akwai kamfanin Navigraph a Suwidin da ke karɓo bayanan Jeppesen na gaske yana juya su yadda jiragen kwamfuta za su karanta. Kamfanin Aerosoft a Jamus ma ya fitar da nasa mai ɗebowa daga Lido, na gidan Lufthansa. Ka biya kuɗin wata, ka sauke 'yar manhajarsu, ta leƙa cikin kwamfutarka ta gano jiragen da kake da su, ka danna, shi ke nan. Sai dai ka kiyaye abu guda, don nan ne masu rabin wayo suke faɗawa. Littafin ba ɗaya ba ne. Ita manhajar kwaikwayon, X-Plane ce ko ta Microsoft, tana da nata, wanda shi ne duniyar da kake tashi a ciki. Jiragen da ake saya daban a ɗora, irin na PMDG da Fenix, da yawansu kowanne da nasa a aljihu. SimBrief da ke tsara maka hanya da lissafin mai yana da nasa, kuma wanda bai biya ba tsohon zagaye ake ba shi. Ga taswirar da kake kallo. In ba lamba ɗaya suke nunawa ba duka, ka haɗa gidan kishiyoyi huɗu kowace da ranar girkinta a kai. Mai tsara hanya zai ba ka zangon da jirgi bai sani ba, jirgi ya kamo mitar da filin bai sani ba, layin da ke kan allo ya yanke a tsakiya ko ya yi wata irin lanƙwasa ya koma baya kamar jakin da ya tuna gida. Ka adana kwafin tsohon kafin ka ɗora sabo. Tsofaffin hanyoyin da ka ajiye tun 2017 kuma ka yi musu addu'a ka share. Fentin titi shi ba ya bin wannan sabuntawar, yana cikin zanen filin ne, don haka in ka ga kwamfuta ta ce 04 ƙasa ta ce 05, kada ka kira mai ruƙiyya.

Ka ce da Yuro ake biya, naira kuma ta zama abin da ta zama. Wannan gaskiya ne, ni ma duk wata sai na yi tsaki in auta ya miƙo hannu. Amma mutumin da ya sayi allo uku da fedal ba zai zo yana yi mini kukan kuɗin taswira ba. Ka sayi doki da sirdi da jalala, ka tsaya cinikin linzami. Kuma mu ake ce wa marowata! In ka ƙi biya ɗin ma akwai mafita. Hukumar jiragen saman Amurka tana sakin bayanan ƙasarta kyauta duk kwana 28, kuma X-Plane yana karanta su, sai ka koma can da zama. Ko ka cire wayar intanet ka yi ta yawo kai kaɗai a cikin 2017 ɗinka, ba mai ce maka kanzil. Akwai ma masu yin haka da gangan, suna ɗora tsohon zamani don su sauka a Kai Tak na Hankon da aka rufe a watan Yulin 1998, inda jirgi yake nufar wani tudu mai fentin dara sannan ya karya dama a tsakanin benaye. Su sun san a wace shekara suke. Kai kuwa ka shigo kasuwar yau da farashin shekara takwas da suka wuce, kana mamakin an ƙi sallama maka.

Na san martaninka yana nan tafe, kuma na san da me za ka fara, don haka bari in riga ka. E, ka ba ni sitiyarin bayan magariba. E, na ja lokacin da ya kamata in tura. E, jirgin ya shiga tekun Marmara da hanci, kuma jikarka ta yi dariya har ta ƙware. Amma ka tambayi duk wanda ke ɗakin: tekun da na faɗa yana nan a taswirar bana, daidai inda na same shi.

Watan cika-ciki ya kusa, kuma shekara uku ke nan ba ka kawo wa ubangidanka kuɗin shara ba. Na yafe maka na bara da na bara waccan. Na bana kada ka kawo Kano, ka biya wa jirginka wata ɗaya da shi. Zan turo auta da motar safe ranar Alhamis ɗin da zagaye zai juya, ka tarbe shi a Kwangila. A ba shi kujerar hagu, kai ka zauna a ta dama ka riƙe masa takarda. Rigar ma ka ba shi aro, in ya so a naɗe hannun.